Ƙananan Halittu Na Gona Da Na Gida

Yau za mu yi magana a kan waɗansu halittu da mu ke zaune tare da su dare da rana a nan Kadawa, amma yawancinsu ba mu taɓa ganinsu da ido ba. Iri uku ne za mu ambata, watau bakteriya, da fumfuna, da gansakuka.

Bakteriya ita ce ƙarama duka. In an jera dubu ɗaya, ba za su wuce tsawon ƙwayar gero ba. Sai da madubin likita a ke ganinsu. Wani Bature na ƙasar Holan, sunansa Leeuwenhoek, shi ya fara ganinsu cikin ɗigon ruwa a 1676, da madubin da ya haɗa da hannunsa. Ba su yin ƙwai, ba su haihuwa. Guda ɗaya ta kan tsage ta zama biyu, biyu su zama huɗu. In akwai ɗumi da abinci, waɗansu su kan tsage kowane minti 20. Ku ɗauki alli ku lissafa. Cikin sa'a 7 guda ɗaya ta wuce miliyan 2. Abin da ya sa ke nan miyar da aka bari da safe ta kan lalace kafin dare a lokacin bazara.

Mu kan kira su ƙwayoyin cuta, amma wannan suna bai yi musu adalci ba. Masu kawo cuta kaɗan ne cikinsu. Ku dubi daddawa. Mace ta dafa kalwa, ta surfe, ta wanke, ta sake dafawa, sa'an nan ta rufe ta ajiye kwana biyu ko uku. Da ta buɗe sai ta ji wari ya tashi, kalwa ta yi yauƙi. Wa ya yi wannan aiki? Wata bakteriya ce, masana na kiranta Bacillus. Ta kan lulluɓe kanta da kwasfa mai tauri, har tafasa ba ta gama da ita, sai kalwa ta huce ta farka ta kama aiki. Haka kuma nono. Ɗan tsohon nono da Bafillatana ta ke zubawa cikin madara iri ne ta shuka, ko da ya ke ba ta kira shi haka ba. Kakanninmu sun daɗe suna kiwon waɗannan halittu tun ba a ƙera madubi ba.

In kun tumɓuke gyaɗa ko wake, ku duba saiwa. Za ku ga 'yan ƙuraje kamar ƙwayar gero. Ba ciwo ba ne. Ku fasa ɗaya da farce, in cikinsa ya yi ja-ja, to, bakteriya na aiki a ciki. Suna ɗaukar abincin shuka daga iska, irin wanda mu ke saye da tsada cikin buhun yuriya. Shi ya sa gonar da aka yi wake bara ta kan karɓi masara bana.

Amma akwai miyagu. Kwalara da taifot duk aikin bakteriya ne, ta bakin mutum su ke shiga, cikin ruwa ko abinci da kashi ya taɓa. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974 ruwa ya wadata daga Bunkure zuwa Kura da Garun Malam, mun gode Allah. Sai dai ruwan nan na shuka ne. Ya ratso garuruwa, an yi wanki a ciki, dabbobi sun shiga. Kome haskensa, a tafasa shi kafin a sha.

Gansakuka kuwa kowa ya san ta, ita ce koren nan da ke bisa ruwan kwata da bakin hanyar ruwa. Ita ba ta cin kowa, da hasken rana ta ke yin abincinta kamar ganye, ƙananan kifi kuma su ci ta. A wajen Tabkin Chadi mutanen Kanem su kan kwashi wata iri, su shanya, su sa a miya. A nan wurinmu in takin zamani ya zurare cikin ruwa sai ta yi yawa ta toshe hanya. Ita ce kuma abincin katantanwar da ke ɗauke da tsutsar tsargiya, wadda ke sa yara fitsarin jini. Don haka yasar hanyar ruwa ba don tumatir kaɗai a ke yi ba.

To, sauran fumfuna, ita ce muka fi so ku riƙe. Danginta da yawa. Naman kaza da ke fitowa da damina nata ne, da yis na burodi, da burtuntunar dawa, da tsatsar alkama, da makero a kan yaro. Har maganin penisilin daga fumfuna aka samo shi, bayan Alexander Fleming ya lura da ita a London a 1928. Jikinta zare ne siriri. Abin da mu ke gani kamar ƙura a sama, irinta ne, iska ke ɗauka. Tana son laima da rauni. Ku je Kwanar Gafan ku ga kwandon tumatir da aka danne, wanda ya fashe shi ke fara ruɓewa, ya shafa wa na kusa.

Akwai wata mai launin kore-kore da ɗorawa-ɗorawa da ta kan kama gyaɗa da masara. Tana zuba dafi da a ke kira afulatoksin. An gano shi a Ingila a 1960, bayan talo-talo fiye da 100,000 sun mutu sabo da ƙulin gyaɗa da aka kawo daga Birazil. A 2004 mutum 125 suka mutu a Kenya don cin irin wannan masara. Ku lura, dahuwa ba ta kashe dafin nan, suya ma ba ta yi. In ana ci kaɗan-kaɗan ya kan ɓata hanta a hankali, har ya kai ga ciwon daji, ya kuma hana yara girma. Abin baƙin ciki, sau da yawa mai kyau mu ke kai kasuwa, mu bar mai ɗaci a gida a yi ƙuli-ƙuli ko kunu.

Masana a Ibadan sun haɗa wani abu, Aflasafe, watau ƙwayar dawa da aka shafa wa 'yar'uwar fumfunar nan marar dafi. A kan watsa a gona mako biyu ko uku kafin fure, sai marar dafi ta riga mai dafi kama wuri. Ku tambayi malamin gona a kansa.

Wanda bai samu ba, ga abin da ke hannunsa. A shanya bisa tabarma ko tampol, ba a kan ƙasa ba. A bari ta bushe har ƙwaya ta yi kacau-kacau cikin kwasfa. A tsince mai huji da mai baƙi da wadda ta motse. A ɗora buhu bisa itace, nesa da bango. Wadda aka tsince kuma kada a ba kaji, kada a ba saniyar tatsa, gama dafin ya kan fito cikin madara. A haƙa rami a binne ta.