Gudu A Filin Tsere Da Gudu A Kan Hanya

Wannan jawabi ne da wani tsohon direba ya yi a taron wayar da kai da aka yi a ƙofar gidan dagaci. Manoma da 'yan kasuwa da samari masu babur sun halarta. Mun kawo muku shi kamar yadda ya faɗa.

 

Ni dai direba ne. Na fara da yaron mota, ina ɗora kaya ina ɗaure igiya. Daga nan maigidana ya ba ni sitiyari. Na yi shekara 31 a kan hanya kafin idona ya rage ƙarfi na ajiye makulli. Zan fara da labarin wani abu da na gani da idona.

Wata shekara aka ɗauke ni haya kai amarya. Tafiyar ba ta fi kilomita 40 ba. Motoci biyar ne da babura masu yawa. Muna fita gari sai samari biyu daga cikin direbobin suka fara tsere, kowa yana so a ce shi ya fara isa. 'Yan mata suna guɗa, suna cewa a ƙara wuta. Da muka zo wata kwana mai duhuwar bishiyoyi, ɗaya ya ari hannu zai wuce ɗan'uwansa. Ashe ga a-kori-kura tafe da lodin albasa. Mutum huɗu muka ɗauko ba rai, har da ƙanwar amarya. Tuwon da aka tuƙa don biki, shi aka raba wa masu zaman makoki.

Yaron da ya yi wannan aiki bai mutu ba. Ƙafa ya rasa. Na je duba shi a asibiti, na ce masa, "Yaro, me ya kai ka?" Ya ce, "Baba, ni fa yadda nake ganin Turawa suna yi a talabijin nake so in gwada." Wannan magana ta daɗe tana yi mini yawo a zuciya. Shi ya sa na riƙa bin labarin masu tseren nan, in ji yadda suke yi. To, ga abin da yaron nan bai sani ba.

Su ma Turawan sun sha mutuwa kafin su yi hankali. A ranar 11 ga watan Yuni na 1955, ana tseren motoci a wani gari mai suna Le Mans a ƙasar Faransa. Motar wani direba mai suna Pierre Levegh ta bugi wata, ta tashi sama, ta tarwatse a cikin 'yan kallo. Mutum fiye da 80 suka mutu, har da shi direban. Ku lura, yawancinsu kallo kawai suka je. Bayan wannan, kamfanin Mercedes ya janye daga tsere na shekaru masu yawa. Ƙasar Suwizalan kuwa ta kafa dokar hana irin wannan tsere, dokar ta yi fiye da shekara 60 tana aiki.

A ranar 1 ga watan Mayu na 1994 kuma, Ayrton Senna, mutumin ƙasar Birazil, ya bugi katanga a filin Imola na Italiya ya mutu. Shekarunsa 34. Sau uku yana zama zakaran duniya a tsere mafi girma da ake kira Formula 1. A lokacin, da wuya a samu wanda ya fi shi iya mota a duniya. Kwana ɗaya kafin nan, wani direban mai suna Roland Ratzenberger ya mutu a wannan fili. Ku samari masu cewa "ai ni gwani ne", ku riƙe wannan. Gwanin gwanaye ma katanga ba ta ji kunyarsa ba.

Daga nan masu shirya tseren suka zauna. Suka gyara kwanoni masu haɗari. Suka ƙarfafa wurin da direba yake zama. Suka tsananta gwajin motoci. Sai da aka yi shekara 20 kafin wani direban Formula 1 ya sake yin haɗarin da ya yi ajalinsa a gasa, watau Jules Bianchi a Japan a 2014. A 2018 kuma suka ƙara wani ƙarfe mai kare kan direba. A 2020, a ƙasar Baharen, motar Romain Grosjean ta bugi shinge tana gudun fiye da kilomita 190 a awa. Ta rabe biyu, ta kama da wuta. Kafin rabin minti mutumin ya fito da ƙafarsa, hannuwansa ne suka ƙone.

Me ya fid da shi, bayan ikon Allah? Yana ɗaure da bel. Yana sanye da hular kwano da rigar da ba ta saurin cin wuta. Motar likita tana biye da su, masu kashe gobara suna tsaye a gefe. Kuma a wannan fili, duk motoci gaba ɗaya suka nufa. Babu mai zuwa ta gabanka. Babu jaki, babu amalanke, babu garken shanu, babu yarinya mai tallar gyaɗa. Mutum ɗaya ne a motar, kuma shi ya yarda ya sa ransa a ciki.

Yanzu ku dubi hanyarmu ta zuwa kasuwa. A cikin abubuwan nan da na lissafa, wanne muke da shi? Mun ɗauko gudun, mun bar shirin a can. Mun kuma ƙara da mata da yara da ba su ce suna son tsere ba.

Bari in yi muku ɗan lissafi, ba mai wuya ba ne. Motar da ke gudun kilomita 50 a awa tana cin mita 14 a daƙiƙa ɗaya. Mai gudun 100 kuwa mita 28 take ci. Daga lokacin da idon direba ya ga akuya zuwa lokacin da ƙafarsa ta taɓa birki, daƙiƙa ɗaya ta wuce, in ma lafiyarsa ƙalau ba ya jin barci. Bayan an taka birki, mai gudun 50 tana bukatar kamar mita 14 ta tsaya a busasshiyar kwalta. To mai gudun 100 fa? Za ku ce ninki biyu, mita 28. A'a. Ninki huɗu ne, wajen mita 55. In ka haɗa da na farkon, ya haura mita 80. Wannan ya kusa tsawon filin ƙwallo. Haka abin yake: in gudu ya ninka biyu, tsayawa tana ninkawa huɗu, ƙarfin karo ma yana ninkawa huɗu. In an yi ruwa, ko hanyar tsakuwa ce, ko taya ta suɗe, tazarar ta fi haka.

Karo a gudun 50 daidai yake da faɗowa daga tsayin mita 10, kamar daga kan bene mai hawa uku. A gudun 100 kuwa kamar faɗowa ne daga kusan mita 40. Duk faɗin ƙasar dagacin nan babu giginyar da ta kai haka.

Shi ya sa doka ta ƙayyade gudu. A cikin gari, ƙaramar mota kada ta wuce 50. A babbar hanya mai hannu biyu, kada ta wuce 100. Tirela da tankar mai, iyakarsu 60 ko a wannan babbar hanya. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ce ke kula da wannan, wadda aka kafa a 1988, Farfesa Wole Soyinka ya fara shugabancinta. Amma ma'aikatanta ba za su shiga kowace mota ba. Wanda yake cikin kowace mota shi ne fasinja, watau ku.

A nan zan faɗi laifinmu, sannan in faɗi naku. Mu direbobi muna gudu saboda sawu. In ka yi sawu uku ranar kasuwa maimakon biyu, ka samu na mai mota, ka samu na cefane. Wasunmu suna kwana biyu ba barci, su ci goro, su sha shayi mai ƙarfi. Wasu kuma, Allah ya shirya, ƙwaya suke sha. Ƙwaya ba ta korar barci, ɓoye shi take yi, ranar da zai zo ba ya sallama. Ni kaina na taɓa farkawa na ga motata tana cin ciyawar gefen hanya, da mutum 14 a bayana. Ban san lokacin da idona ya rufe ba. Tun daga ranar, in na yi hamma biyu sai in faka, ko fasinja zai zage ni.

Kuma ana zagin. Wannan shi ne naku laifin. Sau nawa na ji an ce, "Direba, amalanke kake ja ne? Kasuwa za ta watse!" In kuwa direba yana sheƙa gudu, sai kowa ya yi tsit. Tsoho yana ta salati a ransa, amma ba zai yi magana ba, wai kada a ce shi matsoraci ne. Baba, kuɗinka ka biya. Kana da ikon cewa a rage. In mutum ɗaya ya yi magana, direba zai yi tsaki. In mutum biyar suka yi, wallahi ƙafarsa za ta sauka daga totur. Na sani, don an yi mini. Yanzu da yawanku kun iya karanta lamba. Wanda ya zauna gaba ya riƙa duban agogon gudu da ke gaban direba. In allura ta wuce 100, ba sai an yi gardama ba, lamba ce ta nuna.

Sai maganar hawa tirela. Ina ganin 'yan ci-rani a kan buhunan hatsi, ko a saman shanu, za su Kudu. Na san dalili, kuɗin bas ya yi tsada. Amma wanda ke saman lodi ba shi da abin riƙewa. In motar ta kife, shi ne a ƙasa, buhu da ƙaho a kansa. Ban da abin da zan ƙara a kan wannan.

Bel kuma, wanda muke ɗaurawa in mun hango ma'aikata, mu kwance in mun wuce. Wani injiniya mai suna Nils Bohlin ne ya ƙirƙiro irin wanda muke gani yau, a kamfanin Volvo na ƙasar Suwidin a 1959. Kamfanin ya bar sauran kamfanoni su yi amfani da shi kyauta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yana rage haɗarin mutuwar wanda ke cikin mota da kusan rabi. Ita ce kuma ta faɗa a rahotonta na 2023 cewa mutum wajen miliyan 1 da dubu 190 suke mutuwa a kan hanya kowace shekara. Watau fiye da 3,000 kullum. Ta ce tsakanin masu shekara 5 zuwa 29, babu abin da ya fi haɗarin hanya kisa. Ku masu babur, ku ne a wannan layi, kuma ga hular kwano can a ɗaki ana zuba ƙusa a ciki.

Na san wani zai ce, ai in kwana ya ƙare babu makawa. Gaskiya ne, ban musa ba. Amma ban taɓa ganin manomin da ya ƙi shuka ya ce in an ƙaddara zai cika rumbu ba. Malamai suna nan, su suka fi ni sanin hukuncin wanda ya ɗauki rayukan mutane ya yi ganganci da su.

In haɗari ya faru a kusa da ku, a fara sa ganye ko alama can nesa ta kowane ɓangare, don kada wata motar ta zo ta hau kan mutane. Wanda ke zubar da jini, a danne wurin da ƙyalle mai tsabta. Wanda ke kukan wuya ko baya, kada a fizgo shi, kada a naɗe shi kamar tabarma, sai in wuta ce za ta kama. Mai waya ya kira 122, lambar Hukumar Kiyaye Haɗurra ce. In kuwa tankar mai ce ta faɗi, ku gudu, ku kori yara. A watan Oktoba na 2024, a Majiya ta Jihar Jigawa, fiye da mutum 150 suka mutu, yawancinsu sun je kwasar fetur ne. Bayan wata uku, a Dikko ta Jihar Neja, fiye da 80 suka tafi ta wannan hanya.

Abu na ƙarshe shi ne taya. Kowace taya tana ɗauke da ranar haihuwarta. A gefenta akwai lambobi huɗu a cikin ɗan zagaye. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Alal misali, in ka ga 2319, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2019. Ma'aikatan hukumar suna gargaɗi a kan tayar da ta wuce shekara huɗu, ko da zanenta bai goge ba, don roba tana tsufa, ga kuma zafin kwaltarmu a watan bazara. Yawancin tayoyin gwanjo da muke saye sun tsufa tun kafin su hau jirgin ruwa.

Ga motata can a gindin darbejiya, ga kuma babura sun fi 20. In Dagaci ya yi izini, bayan sallar la'asar sai mu taru a wurin. Kowa ya durƙusa ya karanto lambar tayarsa da kansa, wanda ya kasa ɗan'uwansa ya taya shi.