Jinyar Iyayenmu: Abin Koyi Daga Gidajen Jinyar Tsofaffi



An nemi mu yi tsokaci a kan halin da dattawanmu ke shiga idan ciwo ya kwantar da su, alhali 'ya'yansu suna can Kano, Kaduna, Abuja ko Legas wajen neman halaliya. Da yawanmu muna aiko da kuɗin magani, Allah Ya saka da alheri. Amma jinyar wanda ɓarin jikinsa ya shanye, ko wanda ya karye a ƙugu, aiki ne da ke bukatar sani.

A Amurka akwai gidaje na musamman inda ƙwararru ke jinyar irin waɗannan majinyata bayan asibiti ya sallame su. Dokar da aka kafa a 1987 ta wajabta wa gidajen samun ma'aikacin jinya dare da rana, tare da rubutaccen tsarin kula da kowane mutum. Shirin Medicare, wanda aka kafa a 1965, yakan ɗauki nauyin jinyar har zuwa kwana 100 ga wanda ya yi aƙalla kwana 3 kwance a asibiti: kwana 20 na farko gaba ɗaya, sauran kuma majinyaci ya biya wani kaso.

Ga yadda yini yake a can. Da safe a yi wa majinyaci wanka, a auna jininsa da sukarinsa, a ba shi magani a kan kari. Wanda ba ya iya motsi akan juya shi kamar kowace awa 2, don kada gyambon kwanciya ya kama shi. Masu gashin ƙashi su koya masa tsayuwa da taku, wasu su koya masa magana da haɗiya. Mai hawan jini a rage masa gishiri, mai wahalar haɗiya a zaunar da shi a ba shi abinci mai laushi, kada ya shaƙe.

Ba muna cewa a kwashe iyayenmu a kai su gidan baƙi ba. Addininmu da al'adarmu sun ɗora wannan nauyi a wuyan 'ya'ya. Iliminsu za mu ɗauko mu shigar da shi cikin gidajenmu. Ko a ƙasarmu an fara farkawa: a 2012 Asibitin Koyarwa na Ibadan ya buɗe cibiyar kula da tsofaffi, a 2018 kuma Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar kafa Cibiyar Tsofaffi ta Ƙasa.

Saboda haka muna ba ƙungiya shawarwari uku. Na farko, ta ɗauki nauyin karatun matasa biyu, namiji da mace, a makarantar kiwon lafiya, bisa sharaɗin su dawo su riƙa zagaya majinyata gida-gida. Na biyu, ta sayi kekunan guragu da na'urorin awon jini, ta riƙa ba da aro. Na uku, a koya wa matan gida da ke wannan ɗawainiya juya majinyaci da ciyar da shi, a kuma riƙa hutar da su, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Mu da ke birni kuwa, mu tuna zumunci a ƙafa yake. Waya ba ta juya tsoho a kan gado.

Allah Ya ba majinyatanmu lafiya, Ya jiƙan magabatanmu, Ya sa mu gama da iyayenmu lafiya.