JAWABI KAN ƘARIN ALBASHI DA ƘANANAN 'YAN KASUWA NA DUBELI

Jama'a 'yan Arewa mazauna Ikko, da Badun, da Fatakwal.

Tarihin wannan magana ya faro ne tun 1981, zamanin da Yola take hedkwatar Jihar Gongola. A shekaran nan ne Ƙungiyar Ƙwadago ta ƙasa, a ƙarƙashin Hassan Sunmonu, ta yi yajin aiki, har gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta yanke N125 a wata a matsayin albashi mafi ƙanƙanta. Ya koma N18,000 a 2011, da N30,000 a 2019, sa'an nan N70,000 a 2024. Gwamna Ahmadu Umaru Fintiri na Adamawa ya fara biyan wannan a watan Agusta na 2024, Jihar Ikko kuwa ta yanke N85,000.

To, ina ruwan tela ko mai gyaran babur na Dubeli da wannan doka? A takarda dai babu, domin dokar Gwamnatin Tarayya ce, kuma ta keɓe duk ma'aikatar da ma'aikatanta ba su kai 25 ba. Amma a kasuwa akwai. Ran da aka biya ma'aikaci ƙari, zai biya bashin mai shago, ya kai wa tela ɗinki. Ran nan kuma mai gida zai ƙara kuɗin haya, yaron shago ya nemi nasa ƙarin. Dattawa ba su manta da kuɗin Udoji na 1974 ba, yadda kaya suka yi tsada bayansa. Ga shi kuma tun da aka janye tallafin man fetur a 2023, kuɗin dakon kaya zuwa Jimeta ya cinye riba mai yawa.

Saboda haka duk wanda yake aiko da kuɗi gida don a buɗe masa shago, lalle ne ya lissafa hakkin yaransa tun kafin ya saro kaya, a kuma rubuta yarjejeniya a gaban shaidu. Yaron da aka tauye wa hakki ba ya daɗewa, sai ya kama hanyar Kudu shi ma.

Ita kuma gwamnati, ya kamata ta sauƙaƙa wa ƙaramin ɗan kasuwa haraji, ta wadata shi da wutar lantarki, domin ya iya biyan yaransa abin da zai riƙe su.

Allah ya sa albarka a nema, amin.