Daga Murfin Tukunya Zuwa Kogin Haɗejiya



Yaron Kaugama ya san ruwa tun kafin mu malamai mu koya masa. Da damina ta yi nisa yana ganin ya shanye gonar babansa, kamar yadda ambaliyar 2022 ta yi wa garuruwan bakin kogi. Da bazara kuma shi ake aika layin famfo da jarka. Sai mu shiga aji mu zana masa tsauni mai ƙanƙara, abin da ko a mafarki bai gani ba, mu ce ga yadda ruwa ke zagayawa. Ya haddace, ya ci jarrabawa, ya manta.

Ni daga madafa nake farawa. Nakan ce wa yaro, in innarka ta ɗaga murfin tukunya, leƙa cikinsa. Ɗige-ɗigen nan daga ina? Tururi ne ya tashi, ya gamu da sanyi, ya koma ruwa. To, rana ce wutar, kududdufin bayan makaranta ne tukunyar, sama kuma murfin. Ku kafa kara a bakin kududdufin a watan Oktoba, yara su riƙa yi masa alama duk Litinin, amma don Allah malami na tsaye. Su da kansu za su tambaya ina ruwan ya tafi. Lokacin ne za ka ce wani ya tashi sama, wani ya nutse ƙasa inda rijiya ke samunsa. Mafi yawan danshin da ke haɗa hadarinmu kuwa, iska ce ke kwaso shi daga Tekun Atlantika.

Sai kogin Haɗejiya. Ruwan da ke wuce mu, kogin Kano da na Challawa ne suka haɗu, ya bi ta Wudil da Ringim, ya bazu a fadamun Haɗejiya da Nguru, abin da ya rage ya nufi Tafkin Chadi. Tun da aka kammala madatsar Tiga a 1974, ta Challawa a 1992, tafiyarsa ta canza. Hanyoyin da a da suke ƙafewa da rani suka daina, kachala ta samu wurin zama, ta toshe su. Yaron da ya fahimci wannan ya san abin da na gaba ya zuba, na baya ne ke sha.

Maganar tattali kuwa, kada mu ce ya rufe famfo, gidaje nawa ne ke da shi? A yi zancen buta da moɗa da murfin randa. Ya zo a hadisi cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da mudu guda yake alwala. A auna a gaban yara, kowa ya duba butarsa. Ruwan wankin hannu kuma a tara a bokiti, in an tashi a zuba wa darbejiyar da ajin ya dasa.