Jawabin Yaye Matasan Tsaron Al'umma na Boɗinga da Shagari

 

Ƙauyukan Boɗinga da Shagari aka damƙa wa matasan da ake yayewa yau, amma maƙiyin da za su tara babu ruwansa da iyaka. Tun faɗuwar Gaddafi a 2011 makaman Libiya suke kwararowa ta Hamada. Lakurawa, waɗanda babbar kotun tarayya ta Abuja ta ayyana 'yan ta'adda a Janairun 2025, daga ɓangaren Nijar da Mali suka kutso Tangaza da Gudu. A watan ne kuma Nijar ta kammala ficewa daga ECOWAS, ƙungiyar da ta ƙulla yarjejeniyar hana yaɗuwar ƙananan makamai a 2006. Masu fasa-ƙwaurin bindigogi kuwa suna nan kan hanyarsu.

Amma kamun wanda ake zargi ba ya son gaggawa. Dattawan Shagari ba su manta da Umaru Dikko ba, ministan sufuri a gwamnatin Alhaji Shehu Shagari. Bayan juyin mulkin ƙarshen 1983 ya koma Landan, sojoji suna zarginsa da cin dukiyar ƙasa, yana musantawa. A Yulin 1984 aka sace shi, aka yi masa allurar barci, aka saka shi cikin akwati don a dawo da shi gida, sai jami'an kwastan suka gano shi a filin jirgin Stansted. Mutum huɗu suka tafi kurkuku, zumuncin Najeriya da Birtaniya ya yi tsami, Birtaniya ta ƙi miƙa shi. Gaggawa ce ta kashe maganar, zargin bai kai gaban alƙali ba.

Hanyar shari'a tana da nawa, amma ta biya. Najeriya ta amince da yarjejeniyar Palermo ta yaƙi da gungun masu laifi a 2001, kuma da takardun shaida aka sa Suwizalan ta yarda a 2017 ta maido dala miliyan 321 na kuɗin Abacha.

Don haka wanda matasan nan suka kama, su miƙa shi ga 'yan sanda da ransa da lafiyarsa. A rubuta sunayen shaidu, a duba alamar da ke jikin shanun da aka ƙwato, kada a fasa wayar salularsa, domin lambobin cikinta na iya kai mai bincike har Birnin Ƙonni.

Allah Ya tsare su. Yanzu za a kira sunayensu ɗaya bayan ɗaya su karɓi takardun shaida.