Hasken da ya ƙawata sama da guguwar da ta haife shi



Kun tuna hotunan da suka cika Facebook da TikTok daga daren 10 ga Mayun 2024? Sama ta yi ja, ta yi kore, tun daga Ingila har Meziko. Wasu suka ce haɗin kwamfuta ne. A'a, abin gaske ne. Turawa na kiransa aurora, kuma daga rana yake farowa.

Wani lokaci rana kan yi aman wuta, ta watso ƙwayoyi masu ɗauke da lantarki. Cikin kwana ɗaya zuwa uku sun iso mu. Duniya na da garkuwar maganaɗisu, ita ke karkatar da su zuwa ƙuryar arewa da ƙuryar kudu. A can, sama da kilomita 100 daga ƙasa, sai su yi karo da iskar oksijin, ita kuma ta fitar da haske: kore daga ƙasa-ƙasa, ja daga can sama. Idan guguwar ta yi ƙarfi, hasken kan gangaro har ƙasashen da ba su saba ganinsa ba.

To amma fa ba ado kaɗai ba ne. A watan Maris na 1989, irin wannan guguwa ta kashe wutar lantarkin lardin Kebek na Kanada, mutane miliyan 6 suka yi awa 9 babu wuta. A Fabrairun 2022, kamfanin SpaceX ya yi asarar taurarin Starlink 38. Ita kuwa ta 2024, wadda tun 2003 ba a ga mai ƙarfinta ba, ta rikita GPS ɗin taraktocin manoman Amurka ana tsakiyar shuka.

Wani zai ce, mu ina ruwanmu, tunda ba ma ganin hasken? Da ruwanmu. Saƙon tauraron ɗan adam da ke nuna maka hanya a waya, sai ya ratsa wannan sashe na sama da guguwar ke dagulawa. Shi ya sa hukumar NASRDA ke da cibiyar nazarin sararin sama a Anyigba, jihar Kogi.

Ɗalibanmu na kimiyya, ga fage nan, ku shiga. Ku ajiye mana tambayoyinku a ƙasa. Sai shiri na gaba, mu kwana lafiya.