Malamin Da Ya San Littafin Kowa: Jawabi A Taron Shekara Na Tsofaffin Ɗalibai, Gumel

 



An umarce ni da in yi magana a kan karatu, ni kuwa ba zan iya ba sai na ambaci malaminmu na Hausa. Ya roƙe ni kada in kama sunansa, amma duk wanda ya zauna aji ɗaya da ni ya tuna akwatin ƙarfen nan da yakan shigo da shi kowace Juma'a.

Lokacin da na zo daga ƙauyenmu na ƙasar Sule Tankarkar, littafi a wurina abin jarrabawa ne kurum. Ran nan Malam ya buɗe Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, ya yi ta karanta mana, sai da labari ya kai wurin daɗi ya rufe. Muka yi ta magiya, ya ce mai son ƙarshe ya zo ya ara. Ni na fara zuwa. Daren nan da fitilar ƙwai na kwana.

Daga baya na gane asirinsa: kafin ya zaɓi littafi, sai ya karanci yaron. Abokinmu na Maigatari, wanda ya tashi a bakin iyaka yana ganin hada-hadar kasuwar Alhamis, shi aka ba Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina, labarin 'yan fasa-ƙwauri. Wani ɗan Gagarawa da begen gida ya hana shi sakewa, aka ba shi Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, inda uwa ta ratsa hamada tana neman ɗanta. Masu son labarin yaƙi, Ganɗoki na Bello Kagara. Wanda ya gama Magana Jari Ce duka uku, sai a ɗora shi kan Things Fall Apart na Chinua Achebe, don Turancinsa ya zauna. Sharaɗi ɗaya ne: bayan mako guda ka dawo da littafi, ka ba 'yan aji labarin da bakinka.

Malam yakan tuna mana cewa Ruwan Bagaja da Shaihu Umar da Ganɗoki duk sun fito ne daga gasar da Rupert East ya shirya a 1933, kuma Imam yana matashin malami a Midil ta Katsina ya rubuta nasa. Nufinsa mu san cewa marubuci mutum ne kamarmu.

Yau a ofis, duk takardar da na rubuta aka fahimta ba tare da an sake kirana ba, wannan akwati nake gode wa. Amma jiya na leƙa laburaren makarantarmu, abin da na gani ya sosa mini rai: kantoci rabi wayam, sauran littattafan gara ta taɓa. Ƙannenmu kuwa waya ce a hannunsu. Ban ga laifinsu ba, don ba wanda ya rufe musu littafi a wurin daɗi.

Saboda haka ina da roƙo biyu. Na farko, kowane ɗayanmu ya kawo littafi ɗaya da ya taɓa hana shi barci, ya rubuta a bangon ciki irin yaron da zai dace da shi. Na biyu, ƙungiya ta nemi izinin shugaban makaranta, duk wata ɗayanmu ya zo ya karanta wa 'yan aji ɗaya na rabin sa'a. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ga nawa na kawo, kuma ni zan fara.

Malam, yaba kyauta tukwici. Allah Ya saka maka da alheri, Ya jiƙan malamanmu da suka riga mu gidan gaskiya.